ANNOBA: Daga Jirgin Ruwan Bature Zuwa Rijiyar Unguwarmu

Duk lokacin da wata cuta ta ɓarke a ƙasar nan, kafin ma likitoci su gama tantance ko mece ce, sai ka tarar an riga an yanke hukunci a teburin mai shayi da ƙofofin masallatai. Wasu su ce ai babu ita, ƙarya ce gwamnati ta shirya don ta ci kuɗin Turawa. Wasu su ce akwai ta, amma ba ta kama baƙar fata, ko kuma zafin ranarmu zai ƙone ta. Mun ji irin waɗannan a 2014, mun sake jin su a 2020, kuma abin takaici shi ne cikin masu yaɗa su har da 'yan uwa matasa, waɗanda ake kyautata wa zaton sun fi kowa sanin yadda duniya take tafiya. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu waiwayi tarihin manyan annobobin da suka auka wa duniya cikin shekaru ɗari biyun nan. Tarihin zai gaskata ɗan uwa a kan rashin yardarsa da azzalumai, domin kuwa sun yi ƙarya, sun ɓoye, sun ɗora laifi kan raunana. Amma zai kuma nuna masa cewa duk al'ummar da ta mayar da wannan rashin yarda ya zama musun cutar kanta, to 'ya'yanta ta binne.

Mu fara da mafi muni, wato murar 1918. A watan Maris na wannan shekara aka ga sojoji suna faɗuwa da zazzaɓi a wani barikin horaswa da ke jihar Kansas ta Amurka, daidai lokacin da ake loda samari a jiragen ruwa ana kai su fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa. Ƙasashen da suke yaƙin duk sun sa wa jaridunsu takunkumi, don kada abokan gaba su ji cewa rundunarsu tana kwance. Sipaniya kuwa ba ta cikin yaƙin, saboda haka jaridunta suka buga labarin ba tare da tsoro ba, har da kwanciyar Sarkinsu Alfonso na 13. Shi ke nan sai duniya ta laƙaba wa cutar sunan murar Sipaniya, har yau haka ake kiran ta. Ka ji yadda ake yi: wanda ya faɗi gaskiya shi aka rataya wa sunan, waɗanda suka ɓoye suka fita fes.

An ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun kamu, kuma kimanin miliyan 50 suka mutu, adadin da ya zarce na waɗanda yaƙin kansa ya ci. A Indiya kaɗai, wadda take ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, fiye da mutum miliyan 12 ne. Wani abin da ya kamata 'yan uwa matasa su lura da shi shi ne, wannan mura ta fi yi wa majiya ƙarfi ɓarna, 'yan shekara 20 zuwa 40. Saurayi zai wayi gari lafiya, kafin kwana biyu huhunsa ya cika da ruwa, fuskarsa ta yi baƙi, a kai shi makwanci. Saboda haka mai cewa shi matashi ne cuta ba ta iya masa komai, sai ya san cewa an yi wadda ta bar tsofaffi ta ɗebi irinsa.

Ta yaya ta iso mana? A tsakiyar watan Agusta na 1918 wani jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Firitawun ta ƙasar Saliyo don shan gawayi, cike da matuƙa marasa lafiya. Leburorin da suka yi lodin gawayin su suka kai cutar cikin gari. Daga nan ta bi gaɓar teku, ranar 14 ga Satumba wani jirgin mai suna Bida ya sauke ta a Legas. Sai ta bi kogi, ta kuma hau layin dogon da Bature ya shimfiɗa har Kano a 1911 don kwasar auduga da gyaɗa, ta bazu cikin garuruwan Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 500,000 suka mutu a Nijeriya, alhali yawan jama'ar ƙasar a lokacin bai wuce miliyan 18 ba. Kakanninmu ba su san dalilin yaƙin ba, ba a kuma nemi shawararsu ba, amma sun biya kuɗinsa da gawarwaki.

A wannan shekarar dai an ga abubuwa biyu da ya kamata a riƙa karantar da su a kowace makaranta. A birnin Filadalfiya na Amurka, likitoci sun yi gargaɗi, amma mahukunta suka nace sai an yi gagarumin fareti ranar 28 ga Satumba don tara kuɗin yaƙi. Mutum wajen 200,000 suka cika tituna. Bayan kwana uku babu gadon asibiti ko ɗaya da ya rage a birnin, cikin makonni kaɗan kuma fiye da 12,000 suka mutu. Na biyu shi ne tsibiran Samowa da ke tsakiyar tekun Fasifik, waɗanda 'yan mulkin mallaka suka raba biyu. A ɓangaren yamma, wanda Niyu Zilan take riƙe da shi, an bar wani jirgi mai suna Talune ya sauke fasinjoji marasa lafiya a watan Nuwamba, kuma cikin 'yan makonni kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar na mazauna wurin ya mutu. A ɓangaren gabas kuwa gwamnan ya rufe tashar jiragen ruwa, ya hana shiga, kuma ko mutum ɗaya cutar ba ta kashe ba. Jama'a iri ɗaya, yanayi iri ɗaya, ɗan ruwa ne kawai tsakaninsu. Sai a 2002 Firayim Ministar Niyu Zilan ta je ta nemi gafarar mutanen Samowa, bayan shekara fiye da tamanin.

Kafin murar akwai kwalara, wadda ita ce ta fi shafar mu Musulmi kai tsaye. Cutar ta daɗe a yankin Bangal na Indiya, amma sai a 1817 ta tsallaka duniya, lokacin da rundunonin Ingila da jiragen kasuwancinta suke kai kawo a yankin. Daga nan zuwa yau an lissafa manyan zagaye bakwai da ta yi wa duniya. A aikin Hajjin 1865 ta kashe dubban alhazai a Makka, jiragen ruwa masu tururi suka ɗauko ta zuwa Masar, daga can ta shiga Turai. Sai Turawa suka samu abin da suke nema. A taron da suka yi a Santambul a 1866, aikin Hajji shi ne babban abin zargi. Aka kakkafa sansanonin tsare alhazai, ɗaya a tsibirin Kamaran kusa da Yaman, wani a garin Ɗur da ke Sina'i, inda ake sauke bayin Allah a tsare su kwanaki cikin wahala da wulaƙanci. Alhali kuwa ita Ingila, wadda cutar take fitowa daga ƙasar da take mulka, ta daɗe tana adawa da duk wani yunƙuri na tsare jiragen kasuwancinta, musamman bayan buɗe mashigin ruwan Suwes a 1869. A tsare alhaji, a bar hajar Bature ta wuce. Har nau'in ƙwayar kwalarar da ke damun duniya a yau, sunan wancan sansanin alhazai na Ɗur aka sa masa, domin a can aka fara gano shi a 1905. Shi ne ya tashi daga Indunusiya a 1961, ya iso Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini a 1970, kuma tun daga lokacin bai bar mu ba. A 1991 kaɗai ya kashe fiye da mutum 7,000 a Nijeriya.

To amma a nan sai mu yi wa kanmu tambaya: me ya sa kwalara ta bar Landan amma ta ƙi barin garuruwanmu? A 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida a wata unguwar Landan yana rubuta inda aka yi rasuwa, sai ya gano cewa kusan duk mamatan daga famfo ɗaya suke shan ruwa. Aka cire hannun famfon. Daga baya aka gina wa birnin manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa da suka raba bayan gida da ruwan sha, kuma bayan 1866 annobar kwalara ba ta sake yi wa Landan ɓarna ba. Babu wani sirri a ciki. Kwalara cuta ce ta ruwan da najasa ta shiga. Duk inda ka gan ta a yau, to ko dai yaƙi ya rusa ruwan sha, kamar Yaman inda waɗanda ake zaton sun kamu suka haura miliyan ɗaya zuwa ƙarshen 2017, ko kuma ɓarayin mahukunta sun cinye kuɗin famfo, kamar yadda muke gani a nan gida kowace damina.

Kada kuma wani ya ɗauka ɓoye gaskiya ya ƙare da zamanin mulkin mallaka. A 2010, bayan girgizar ƙasar da ta rusa Hayiti, kwalara ta ɓarke a ƙasar da ta yi sama da shekara ɗari ba ta san ta ba. Bincike ya nuna daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito, waɗanda aka kawo daga Nefal, najasarsu tana malala cikin kogin da talakawa suke sha. Mutum wajen 10,000 suka mutu. Shekara shida Majalisar tana kame-kame, sai a watan Disamba na 2016 Babban Sakatarenta Ban Ki-moon ya fito ya ba da haƙuri.

Annobar ɗa'un ta zamani, wadda ƙumar ɓera take yaɗawa, ba za mu daɗe a kanta ba. Ta fito daga kudancin Sin, ta isa Honkon a 1894, ta isa Bombai a 1896, ta kashe miliyoyi a Indiya. Abin lura a nan shi ne yadda 'yan mulkin mallaka suka mayar da ita makami. A birnin Kef Tawun a 1901 an kwashe dubban baƙaƙen fata da ƙarfin tsiya aka jibge su bayan gari da sunan tsabta. A Dakar a 1914 Faransawa sun ƙone gidajen 'yan ƙasa, suka tura su wata sabuwar unguwa da aka kira Madina. A birnin Puna na Indiya kuwa, sojoji sun riƙa kutsawa cikin gidaje suna bincikar mata, har abin ya kai ga wasu samari suka harbe jami'in Ingila mai kula da aikin a 1897. Wanda ya ga irin wannan, in ya ƙi yarda da likitan gwamnati, ai ba a ce ya yi hauka ba.

Ƙanjamau kuwa da yawa daga cikinmu sun ga ɓarnarta a cikin danginsu. A 1981 aka fara ba da rahotonta a Amurka, a 1983 masana a Faransa suka gano ƙwayarta, kuma zuwa yanzu ta kashe fiye da mutum miliyan 40, akasarinsu a Afirka. Babu shakka zinace-zinace da fasadi su ne babbar hanyarta, kuma Musulunci ya riga ya toshe wannan ƙofa. Sai dai mun san matan aure kamilai da mazajensu suka kwaso musu, da jarirai da aka haifa da ita, da waɗanda suka samu ta hanyar ƙarin jini ko askar da ba a tsabtace ba. Tsangwamar da muka yi wa waɗannan bayin Allah ita ta sa mutane suka riƙa ɓoyewa suna ci gaba da aure suna yaɗawa. A 1996 aka samu haɗin magungunan da ke danne cutar, amma kuɗinsu na shekara ya kai dala 10,000, wato an yi su ne don masu kuɗin Turai da Amurka. Da Afirka ta Kudu ta yi dokar da za ta ba ta damar samo masu araha, sai kamfanonin magani 39 suka maka ta a kotu a 1998, mutane suna mutuwa su suna kare riba. Sai da duniya ta yi musu ca suka janye a 2001, shekarar da wani kamfanin Indiya mai suna Cipla ya ce zai sayar da irin maganin a kan dala 350.

Amma ku ji ɗaya ɓangaren labarin. Shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, Thabo Mbeki, ya san tarihin wariyar launin fata, ya san haɗamar kamfanonin nan, kuma yana da gaskiya a kan haka. Sai dai ya zarce, ya shiga shakkar ko ƙwayar ce ma take kawo ciwon, ministarsa ta lafiya tana tallata tafarnuwa da lemon tsami, gwamnati tana jan ƙafa wajen raba magani. Masu bincike a jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa wannan jinkiri ya jawo mutuwar fiye da mutum 330,000. Fushinsa da Bature halas ne, amma ba Bature ne ya mutu ba.

Wannan shi ya kawo mu gida, ga raunin da har yau bai warke ba. A 1996 sanƙarau ya auka wa Arewacin Nijeriya, fiye da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya yi gwajin sabon maganinsa mai suna Trovan, inda aka sa yara 200 cikin gwajin. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba, kamfanin kuma ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, bai amsa laifi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da ya amince ya biya dala miliyan 75 a sasantawar da ya yi da gwamnatin Kano. Wannan abu ya faru, kuma ba za mu bari a shafe shi daga tarihi ba. Haka nan a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya rigakafin bogi a garin Abotabad na Pakistan don farautar Usama bin Ladan. Su da kansu suka zuba guba a rijiyar amana.

To amma me muka yi da wannan fushin? A 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon rigakafin shan inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa. Wasu jihohin Arewa suka dakatar da shi, Kano ta daɗe a kai har tsakiyar 2004, lokacin da aka samo wani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan aikin gama ya gama. Ƙwayar da ta tashi daga nan ta bazu zuwa ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, har da Yaman da ita Indunusiyar kanta, kuma a 2006 yaran da suka shanye a Nijeriya sun haura 1,000. A watan Fabrairun 2013 wasu 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, akasarinsu mata, talakawa 'yan uwanmu masu neman na abinci. Ku duba samarin da suke jan jiki a bakin danja da ƙofar masallacin da kuka fito yanzu. Wasunsu yaran waɗancan shekarun ne. Kuma garuruwan da aka yi ta ɗiga wa rigakafin shekara da shekaru, ga su nan har yau cike da masu jego, ana suna kowace safiya. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. A 2023 kuma mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi jin jiki, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba a yi musu rigakafi ba.

Bari mu ɗan ratse, saboda masu ganin rigakafi al'adar Nasara ce. Kafin likitocin Ingila su san wani abu game da kare kai daga agana, mutanen Daular Usmaniyya suna yin tsaga su sa ɗan ruwan ƙurjin don jiki ya saba. A Santambul matar jakadan Ingila ta ga haka wajen 1717 ta kai dabarar gida. A Boston ta Amurka kuwa, wani bawa da aka sato daga Afirka ne ya koya wa ubangidansa. Agana ta kashe kimanin mutum miliyan 300 a ƙarni na 20 kaɗai, amma a 1980 aka shelanta cewa an kawar da ita daga doron ƙasa, kuma dabarar da aka ci nasara da ita, ta zagaye duk wanda ya kamu a yi wa na kusa da shi allura, a gabashin Nijeriya aka gwada ta a 1966. Mutumin ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a Musulmi ne ɗan Somaliya, Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka, a 1977. Ya warke, ya kuma ƙarar da ƙarshen rayuwarsa yana yawon yaƙi da shan inna har ya rasu a 2013. Tambayi tsofaffin gidanku masu zanen agana a fuska ko suna kewar ta.

Ibola ta 2014 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo. Ranar 20 ga Yuli wani matafiyi ya shigo da ita Legas daga Laberiya. Likitar da ta duba shi, Ameyo Adadevoh, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata, ita ma ta kamu ta mutu. Aka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da shi, cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka mutu, a ƙasa mai miliyoyin jama'a. A daidai wannan lokacin mu kuma me muke yi? An tashe mu da tsakar dare ta wayar salula wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka samu waɗanda gishirin ya kashe, alhali Ibolar ko kusa da garinsu ba ta zo ba.

Korona kuwa kowa shaida ne. Ta ɓulla a Wuhan ta ƙasar Sin a ƙarshen 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 mutanen da suka mutu ta dalilinta sun kusa miliyan 15. An dakatar da Umara, Hajjin 2020 kuma 'yan tsiraru mazauna Saudiyya ne kawai suka yi. Zaluncin da muka gani a tarihi duk ya sake dawowa. An kulle talaka a gida ba abinci, jami'an tsaro suka kashe mutum 18 cikin makonni biyun farko na kulle, kamar yadda Hukumar Kare Haƙƙin Bil Adama ta ƙasa ta faɗa, adadin da ya fi wanda cutar ta kashe a lokacin. An yi ta jigilar almajirai a manyan motoci daga jiha zuwa jiha kamar kaya. A watan Oktoba jama'a suka fasa rumbunan da aka ɓoye kayan tallafi. Manyan ƙasashe suka saye allurar rigakafi suka tara, suka turo mana wadda ta kusa lalacewa, har Nijeriya ta lalata fiye da miliyan ɗaya a watan Disamba na 2021. Da masanan Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in cutar suka sanar da duniya, sakayyarsu ita ce aka rufe wa ƙasarsu da maƙwabtanta ƙofa, daidai abin da aka yi wa Sipaniya shekara ɗari da suka wuce. Duk wannan gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa a watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano sun gaji, malamai da dattawa da manyan 'yan boko suka yi ta tafiya a jere, kuma Ministan Lafiya ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. A lokacin wasu samari suna tituna suna waƙar babu korona.

Abin mamaki shi ne, babu al'ummar da ta kai mu samun shiriya a wannan babi. Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudu. A kan haka Sayyadina Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wannan annoba ta ɗauki Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya ƙara musu yarda. To wane ne a cikinmu ya fi su imani, har zai ce cuta ba ta kama mumini? Amru ɗan Asi (RA) da ya karɓi jagoranci sai ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, cutar ta lafa. Alhafiz Ibnu Hajar, wanda ɗa'un ta ɗauke masa 'ya'ya mata, ya rubuta littafi guda a kan annoba, ya kuma ba da labarin yadda mutanen Alƙahira suka yi gagarumin taron addu'a a shekara ta 833 bayan hijira, mace-macen suka ninka bayan taron. Bai hana addu'a ba, cunkoson ne ya ja hankali a kai.

Saboda haka kiranmu ga 'yan uwa matasa shi ne, in ba mu yarda da likitansu da ɗakin gwajinsu ba, to ina namu? Harkar da take son ta jagoranci al'umma dole ta samar da likitoci, da masu haɗa magunguna, da masana ƙwayoyin cuta, waɗanda za su iya ɗaukar kwalbar allura su auna su gaya mana abin da ke ciki, mu yarda da su saboda mun san tsoron Allahnsu. Ɗan uwan da yake karatun kimiyya a sakandare ya san cewa shi ma a fagen gwagwarmaya yake, kada wani ya sa ya raina littafinsa. 'Yan uwa mata su ma a ƙarfafa su su shiga aikin jinya da unguwarzoma. Saƙon da ya shigo wayarka ta WhatsApp ba ka san tushensa ba, kada ka tura, domin za a tambaye ka ran gobe game da wanda ya mutu ta dalilinsa. Su kuwa mahukunta, a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cikawa ba, su dai in kansu ya yi ciwo sai Landan. Wannan ya kamata ya riƙa fitowa a huɗubobi da jawabanmu, tare da maganar ruwan famfo.

Kafin nan akwai abin da kowace unguwa za ta iya yi da hannunta. 'Yan uwa su zagaya su duba rijiyoyin da ke kusa da masai, domin masana sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, inda kuma wuri bai ba da hali ba a riƙa tafasa ruwan sha. A yashe magudanan ruwa kafin damina ta kankama. Masu wankan gawa su sa safar hannu in an san amai da gudawa ne ajalin mamaci. Kowane gida kuma ya san haɗin ruwan gishiri da sukari, wanda a sansanonin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash a 1971 ya sauko da mace-macen kwalara daga wajen 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. A riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ba tsayawa, ana yi ana hanyar asibiti.